Babagana, Kada Ciwon Fitsarina Ya Hana Ka Tafiya

Bulumkutu,
Maiduguri.

Zuwa ga ɗana Babagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Wushe, sannu ɗana. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da matarka Bintu da abin da take ɗauke da shi. Allah ya tsare ku zaune da tsaye, ya tsare ku a gida da kan hanya.

Na san za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da tsakar gida kawai ta raba ɗakinsa da naka. Na sha niyyar yi maka wannan magana baki da baki, amma da ka zauna a gabana sai in tsinci kaina ina tambayar ka ko an gyara famfon banɗaki. Akwai kalmomin da harshena ba ya iya furta su da Kanuri a gaban ɗan da na sa wa sunan mahaifina. Da Hausa, a kan takarda, sun fi zo min da sauƙi. Ka yi haƙuri da tsawonta. Tsohon malamin makaranta in ya riƙe biro, sai an ƙwace.

Jiya da yamma mahaifiyarka ta kawo min ruwa, ta ajiye, amma ta ƙi fita. In Ya Fanna ta tsaya haka a bakin ƙofa tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi, na san da magana.

"Malam," ta ce, "yaron nan fa yana neman ya ce wa mutanen Fatakwal ba zai zo ba."

Na ce, "Aikin da ya yi ta addu'a a kansa? Saboda me?"

"Saboda kai. Ya ce wa zai riƙa kai ka asibiti, wa zai riƙa tuna maka magani."

Babagana, na daɗe ban ji abin da ya faranta min rai kuma ya sosa min shi a lokaci guda kamar wannan ba. Allah ya yi maka albarka. Amma ban yarda ba. Kuma don ka san ba kara nake yi maka ba, zan ba ka labarin ciwon nan tun daga farkonsa. Kai ƙarshensa kawai ka gani, kuma ranar da ta fi kowace muni ce ta zauna maka a rai.

Abin ya fara ne a hankali, bayan na yi ritaya daga koyarwa. In je in tsuguna, in yi ta jira kafin fitsarin ya zo. In ya zo kuma siriri, yana yankewa, sai na yi nishi. In tashi ina ganin na gama, ban kai ƙofar ɗaki ba sai in ji kamar ban yi komai ba. Barcina ya koma guntu-guntu, gari ya waye min ina hamma kamar wanda ya kwana gadi. Duk wannan na ce tsufa ne. Abin da ya girgiza ni shi ne ɗigon da kan biyo baya, bayan na yi tsarki na ɗaura alwala.

Ka san matsayina a masallacin layinmu. Ni nake tsayawa bayan limaminmu Goni Aisami, in ya yi tafiya ni nake jan salla. To ka duba mutumin da zai kabbara da jama'a a bayansa alhali yana shakkar tsarkin wandonsa. Sai na fara makara da gangan don in samu sahun baya. Daga nan na koma cewa gwiwa ce take damuna, ina salla a gida. Mutane suka yi ta zargin ko wani ne ya ɓata min rai a kwamitin masallaci. Har akwai wanda ya zo ya ba ni haƙuri a kan maganar da ni ban ma san ya faɗa ba. Na karɓi haƙurin, na bar shi ya tafi da nauyin laifin da bai yi ba.

Ɗana, in wani abu ya same ka a can, kada ka bar mutane su yi ta lalube a duhu suna zargin kansu. Ba kowa za ka buɗe wa cikinka ba, amma ka samu mutum ɗaya, ko biyu, da za ka iya ce wa, "Ga abin da yake damuna."

A gida kuwa wayo na ɗauka ina yi. Na fara wanke wandunana da kaina, wai ina motsa jiki. Na ce wa mahaifiyarka ta riƙa turara min kaya sau biyu, turaren wuta a kan turaren wuta, in kuma bi da humra, har yaran unguwa suka fara cewa kafin a gan ni ake jin tahowata. Wata rana ina shanya ta zo ta tsaya kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, tun kafin a haifi Babagana nake wanke maka kaya. Me ka ga zan gani yanzu da zai sa in raina ka?"

Maimakon in gode mata, sai na ɗaga murya. Na ce ta fita harkar da ba tata ba. Ta ɗauki bokitin ta zubar da ruwan, ta koma madafa. Tun daga ranar, kowace safiya sai in tarar da ruwa da sabulu an ajiye min a bayan ɗaki, inda ba wanda zai gan ni. Ba ta sake ɗago maganar ba, ba ta kuma fasa ajiye ruwan ba.

Bintu yarinya ce mai hankali, kuma tana kallon ka fiye da yadda kake zato. Ranar da ta tambaye ka abin da kake ɓoyewa, ka tuna ba tonon asiri ta zo yi ba, ɗaukar kaya ta zo taya ka. Ka amsa mata da murya mai sanyi ko da ba ka shirya faɗa ba.

Daga nan sai na shiga yi wa kaina likita. Na ce tunda ruwa ne yake zama fitsari, bari in rage ruwa. A garin nan! A tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare yake neman inuwa! Amma shayina mai kauri na bayan magariba ban taɓa shi ba, saboda shi a wurina ba ruwa ba ne, shayi ne. Ban daɗe ba fitsarin ya koma ja, yana ƙuna, zazzaɓi ya kwantar da ni. Kuka ce maleriya ce, na ce ƙwarai kuwa.

Da na tashi, sai na ji wata mota mai lasifika a bakin tasha tana tallan magani. Mai maganar ya lissafo duk abin da nake ji kamar a ɗakina yake kwana. Ya ce kwalba ɗaya tana maganin wannan, tana maganin basir da shawara da ciwon baya da mantuwa. Ni da na yi shekaru ina koya wa yara su riƙa tambayar "ta yaya?" kafin su yarda da magana, ban tambayi komai ba. Na karɓa na cusa a cikin babbar riga, ina waige-waige kamar ɓarawo. Abin da kwalbar nan ta ƙara min shi ne gudawa. Da ƙofa ɗaya nake fama, sai suka zama biyu. Ka yi dariyarka, ni ma yanzu ina yi.

Ban ce duk maganin gargajiya banza ne ba, da shi aka raine ni. Amma duk wanda ya ba ka magani bai duba ka ba, bai tambayi abin da kake sha ba, kuma gobe in ka dawo ba za ka same shi a wurin ba, to ka bar masa kayansa. A baƙon gari za ka haɗu da irinsu da yawa, kuma ba duka ne magani suke sayarwa ba.

Sauran ka sani, amma ba ka san mafarinsa ba. Mura ce ta kama ni. Na aika kemis aka kawo min ƙwayar mura, irin mai busar da hanci ta sa barci. Na sha da safe, na ƙara da rana. Kafin la'asar hanyar fitsari ta rufe ruf. Marata ta cika ta yi tauri kamar an cusa min tulu, ina jin fitsari kamar zan mutu, amma ko ɗigo. Na tsuguna, na miƙe, na zuba ruwa a ƙafa, na karanta duk abin da na sani. A bakin banɗaki ka same ni na dafa bango, gumi ya jiƙa min riga.

Ba ka tambaye ni komai ba. Ka fita da gudu ka tsayar da keke napep, ka dawo ka ce, "Baba, riƙe wuyana." Kowane rami da keken nan ya faɗa tsakanin Bulumkutu da asibiti, a marata na ji shi. Kana ta ce wa mai keken ya yi sauri, kana kuma ce masa ya yi a hankali, har ya waiwayo ya ce, "Yallaɓai, wanne zan ɗauka?"

Da aka sa min roba fitsarin ya samu hanya, na yi kuka. Rabinsa sauƙi ne, rabinsa kunya. Ta gefen labule na hango ka, ka juya baya kana karanta wata takarda da aka manna a bango, wadda na tabbata maganar rigakafin yara ce. Ka tsaya kana karanta ta har aka gama aka rufe ni. Ba ka taɓa ambata min ranar nan ba, ni ma ban taɓa gode maka ba. To yau na gode. Yadda ka rufa min asiri, Allah ya rufa maka naka duniya da lahira.

Likitar da aka tura ni wurinta bayan nan mace ce, ba za ta girmi Bintu da yawa ba. Da na gan ta sai na fara lalubar sandata. Ta gaishe ni da Kanuri, ta ce, "Baba, zauna mu yi magana tukuna. In an zo dubawa, akwai abokin aikina namiji, shi zai duba ka." Sai na zauna.

Ta zana min hoto a takarda. Ta ce kowane namiji yana da wata 'yar tsoka a ƙarƙashin mafitsara, sunanta furostet, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa. In shekaru suka ja, a jikin maza da yawa sai ta ƙara girma ta matse hanyar. Ta ce ba sanyi ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma sakayyar wani laifi ba ce. Ta tambaye ni abin da na sha kafin hanya ta toshe. Da na ambaci ƙwayar mura sai ta gyaɗa kai, ta ce irin wannan takan ƙara matse mai irin lalurata, kada in sake shan ta sai na tambaya. Da na faɗa mata dabarata ta rage ruwa kuwa, sai ta ajiye biro ta dube ni.

"Baba, da rana ka sha ruwanka sosai. Da yamma ne za ka rage. Shayin dare kuma, ku yi sallama."

Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka yi dubawar da ba zan bayyana maka ba. Kwanakin jiran sakamako sun yi min tsawo, domin na ji ana cewa ciwon daji ma yakan kama wurin. Da aka ce ba shi ba ne, a ofishinta na ɗaga hannu na yi hamdala. Ta ce alamun kan yi kama, gwaji ne kaɗai yake rabewa, shi ya sa ba a zama a gida a yi ta zato.

Magani biyu ta rubuta min. Na farko sunansa tamsulosin, shi yake sassauta matsewar, kuma ba ya daɗewa ake jin aikinsa. Na biyu finasteride, shi kuma rage girman tsokar yake yi, amma sai an yi watanni ana sha kafin a ga amfaninsa. Ta ja min kunne cewa na farkon yakan kawo jiri, musamman a kwanakin farko, don haka in zan tashi daga kwance in fara zama, in ɗan jira, sannan in miƙe. Na ce to, irin "to" ɗin da yara suke ce min a aji.

Ba a yi nisa ba na kishingiɗa bayan azahar, barci ya kwashe ni. Kiran la'asar ya farkar da ni, na zabura na miƙe kamar saurayi. Sai ɗakin ya juya. Na farfaɗo na ga kaina a ƙasa, buta ta kife a kaina, goshina ya yi ƙulu. Mahaifiyarka ta shigo da salati, ta ga da raina, ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Ta ce, "Yarinyar nan ta asibiti me ta ce maka?" Na ce, "Ta ce in zauna tukuna." Ta ce, "To ga shi ka zauna." Ƙulun da na ce maka ƙofa ce ta buge ni, ga asalinsa.

In mai sani ya yi maka bayani, ka saurara har ƙarshe, ko da ka haife shi. In ba ka gane ba ka ce a maimaita. A wurin aikinka za ka haɗu da waɗanda ka girma da waɗanda suka girme ka, masu wani yare da wani addini. Ka duba abin da mutum ya sani, shi za ka ɗauka.

A kwanakin nan ne Goni Aisami ya zo duba ni. Tunda ya riga ya ji an kai ni asibiti, sai na daure na faɗa masa dalilin ƙaurace wa masallaci. Ya ce, "Malam Bukar, a kan wannan ka bar mu? Ai malamai sun daɗe da yin bayanin mai irin wannan lalura, kuma sauƙi aka yi masa. Da ka tambaye ni, da zama ɗaya ya ishe mu." Ya koya min yadda zan yi da alwalata da tufafina. Ranar da na koma, ya waiwayo ya jawo hannun rigata zuwa wurina na da, ya tayar da salla.

Yanzu ga wadda ta fi min wuyar rubutawa. Bayan wasu watanni na ji sauƙi sosai. Ina barci, ina zama a majalisa har a tashi. Sai na daina shan maganin, ban faɗa wa kowa ba. In ka tambaye ni, in ce na sha. Na ce wa kaina ai na warke, amma ba wannan ne dalilin ba. Maganin nan na biyu ya taɓa wani abu tsakanina da mahaifiyarka. Kai ma magidanci ne, ba sai na kira sunansa ba. Likitar ta ambata cewa yakan faru ga wasu, amma jin abu daban, ya same ka daban.

Maƙwabcinmu Ishaku ne ya gano ni. Ka san shi da rashin ɓoye-ɓoye, tun yana akawun kotu haka yake. Muna zaune a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa, ya ga na tashi zagayawa, na dawo, ban jima ba na sake tashi. Da na zauna sai ya ce, "Bukar, ka ajiye ƙwayar nan, ko?"

Na ce, "Wace ƙwaya?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwali irin nawa sak. "Wannan. Na riga ka shiga ajin nan da daɗewa. A ƙungiyar maza ta cocinmu, in aka ce masu wannan ciwo su tashi, benci zai yi sauƙi. Mu muna faɗa wa juna. Ni ma na taɓa dainawa, kuma na san abin da yake sa namiji ya daina. Sai da aka mayar min da roba na dawo hankalina. Kana so a mayar maka?"

Na ce ba na so. Ya ce, "To ka koma ka faɗa wa likita gaskiya. Kuma kafin likita, ka faɗa wa Ya Fanna."

Mutumin nan mun yi shekaru muna gaisawa, mun ci naman sallarmu tare, mun ci shinkafar Kirsimetinsu tare, ban taɓa sanin muna ɗauke da kaya iri ɗaya ba. Inda za ka, ka riƙe maƙwabcinka da kyau, ko daga ina ya fito. Ba ka san ranar da zai ga abin da kai ka kasa gani a jikinka ba.

Na faɗa wa mahaifiyarka, ina kallon tabarma. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Malam, ni ranar da aka fita da kai a keke na tsaya a ƙofar nan ban san ko za ka dawo ba. Mutumin da zai shigo min da sallama da ƙafarsa nake so. Sauran duk mai sauƙi ne." Ta tashi ta ɗauko kwalin da ruwa ta miƙo min. Da na koma asibiti na nemi ganin likitan nan namiji na yi masa bayani. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya duba, ya yi gyaran da ya ga ya dace, ya ce maganin nan riƙe ciwon yake yi, ba korar sa ba, don haka ba a ajiye shi sai da saninsu. In kuma wata rana ya gaza, akwai aikin da ake yi. Tun daga lokacin ban sake tsallake ko rana ɗaya ba. Da azumi ya zo ma sai da na je na tambaya, suka mayar min da shi bayan buɗa-baki.

Akwai dalilin da ya sa na ce lalle kai ne za ka ji wannan duka. Kakanka, mai sunanka, ina ganin wannan ciwo ne ya tafi da shi. Ina saurayi lokacin, a ƙauye. Na tuna yadda yake yawan zagayawa bayan gida da buta, yadda ya daina zuwa kasuwa, yadda a ƙarshe ƙafafunsa suka kumbura ya daina cin abinci. Ba wanda ya kira abin da suna, shi ma bai faɗa ba. Mutum ne mai kunya da dattako, kuma a lokacinsa ko ya faɗa babu ƙwayar da za a miƙa masa. Ni na samu abin da bai samu ba, saura kaɗan in yi wasa da shi. Likita ta ce abin yakan bi jini. Kai yanzu da sauranka, amma in shekaru suka fara ja, ko ka ga fitsarinka ya canza, ko ka ga jini, ko ka ji yana yi maka gardama, ka je a duba ka tun kana tafiya da ƙafarka. Ka ce musu mahaifinka ya yi. In Allah ya ba ka ɗa namiji, kai ma ka faɗa masa, kuma ina fata kai za ka iya da baki.

To ga yadda gida zai kasance bayanka, don hankalinka ya kwanta. Maganina yana hannun mahaifiyarka, kuma ka san ta, ko gwamna ba zai tsallake ta ba. Na ji Bintu tana cewa tunda za ta zauna da mu har ta haihu, ita za ta karɓi aikin ba ni magani. Ka gode mata, amma ka hana ta. Likita ta ce mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayar nan ta biyu in ta fashe ko ta farfashe, saboda abin da yake cikinta. Ni na kasa faɗa mata, kai ka faɗa mata yau. Ranar asibiti kuwa, ni da Ishaku mun roƙa an haɗa mana rana ɗaya. Keke ɗaya muke shiga, muna tafe muna gardamar siyasa, kafin mu ankara mun isa har an kira mu. Ko maganar yanar idona da ake cewa za a cire nan gaba, na riga na san zan gaya wa likitan ido irin maganin da nake sha kafin ya taɓa ni, haka aka umarce ni. Ka ga ɗalibin ya fara ɗaukar karatu.

Saboda haka ka tafi, Babagana. Ban raine ka don ka zauna kana gadin kwalin magani ba. Ka riƙe sallarka, ka ci halal, ka yi aikin mutane kamar naka. Ka riƙa kiran mahaifiyarka ko ba ka da abin faɗa, muryar take so. In ka tambaye ni jikina a waya, na yi maka alkawarin zan faɗa maka yadda yake, mai daɗi ko marar daɗi. Kai ma haka nake so daga gare ka.

Abu na ƙarshe. Na aika tasha na ce a riƙe mana kujera biyu a motar Kano ta ranar Asabar. Gwaggonka Ya Kaltum da ke Kano, tun da ciwon nan ya fara take aiko min in zo, ina ta kawo mata uzuri, alhali tsoron doguwar hanya ne kawai, kada in yi ta tsayar da motar mutane. Yanzu ba na jin wannan tsoro. Zan raka ka har Kano, in sa ka a motar Fatakwal da hannuna, in yi maka addu'a a bakin taga, sannan in wuce in ba 'yar'uwata mamaki. Kujerar gefen taga tawa ce, kada ka yi min gardama.

Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka shiga garin da ƙafar dama. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin zuciyarka. Allah ya sauki Bintu lafiya, ya nuna mana ranar da za ka dawo ka ɗauki abin da ta haifa. Na yafe maka duk abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, kai ma ka yafe min. Na ba Allah ajiyarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka mai ƙaunarka,
Bukar